Tsaga Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin maigidana yana tsaye a kan dutsen nan, kusa da madubin hangen nesa da hukuma ta kafa. Masu hawan dutse su iso suna haki kamar an koro su, ya juya musu madubin ya ce, "Leƙa, wancan tsaunin sunansa kaza." Don aikin aka ba mu ɗaki a gindin dutsen. Duk ran da aikin ya tafi, ɗakin zai bi shi.

Abin da hukuma ba ta sani ba, yanar ido ta rufe masa gani tun bara. Amma tsohon ba wawa ba ne. Tun yana gani dishi-dishi ya ɗauki zarto ya yi tsaga goma sha ɗaya a zoben da madubin ke juyawa a kai, kowane tsauni da tasa. Yatsa ya laluba, baki ya faɗi suna, baƙi su yi ta jinjina kai.

Sai ga masu gyaran da ba wanda ya roƙa. Suka tuge tsohon madubin, suka kafa sabo, zobensa sumul. Suka ce mai duba aiki na tafe jibi.

"Tsohuwa, mun shiga uku," in ji shi.

"Kai ka shiga. Tashi mu hau."

Da gwiwoyin nan nawa na hau. Rubutun allon sunayen da ke gefen madubin, a wurina shi da sawun kaza duk ɗaya. Amma shekara talatin ina shanya ina kallon tsaunukan, na raɗa musu nawa: Mai Doro, Turmi a Kife, Mai Giɓi. Shi kuma ya san wanne nake nufi.

Da ranar ta zo, mai duba aiki ya saita madubin. "Baba, wanne ne wannan?" Na yi kamar ina goge gilashin da bakin zani, na leƙa, na yi tari: "Mai Giɓi." Maigida ya faɗi sunan gaskiya. Sau uku muna sha.

A na huɗu mutumin ya ce, "Iya, ɗan matsa."

Maigida ya ɗora mataccen idonsa a madubin. Yatsansa na ta yawo a zoben, yana neman abin da babu. Mutumin ya daɗe yana kallon yatsan.

"Wata mai zuwa zan dawo," ya ce. "Daga ni sai shi."

Kullum yanzu muna hawa da zarto. Ni in saita, shi ya tsaga. Mun yi bakwai. Saura huɗu, na can nesa, kwana biyar ina nemansu.

"Har yanzu, tsohuwa?"

"Gajimare ne, Malam. Gobe."

Jiya wata baƙuwa ta leƙa madubin bayan na leƙa, ta ce garau take ganinsu, har da itatuwa. Ban gaya masa ba. Saura kwana tara mai duba aiki ya dawo.