Dubagarin da Ya Juya Mana Gangare

"Wai dubagari za ki yaba? Mutumin da ya hana ni shanya a katangar waje?" in ji maƙwabciyata mai ɗinki. Na ce, "Yaya, shanyar taki har da gajeren wandon maigida, ai rufa miki asiri ya yi." Ta biyo ni da tsintsiya.

E, shi zan yaba. Baba Mai Igiya muke ce masa. Kullum da safe yana tafe da igiyar awo da gwangwanin jan fenti, yana leƙa kwata, yana duba wanda gininsa ya ci hanya. Daga layinmu na ƙananan gidaje har saman unguwa wurin masu get da maigadi, igiyar nan dai ɗaya ce.

Da baban yara ya faɗo daga kan gini ya koma keken guragu, ƙanina ya zuba mana gangaren siminti a ƙofa. Ya ci hanya, ba ƙarya. Baba ya auna, ya ce, "'Yata, sai an fasa." Na fashe da kuka, na ce, "To Alhajin sama da gangaren motocinsa ya toshe kwata fa?" Ya ce, "Daga can nake." Na je na gani da idona, wallahi ana fasawa, Alhaji na tsaye yana ta kumfar baki.

Namu ma an fasa. Amma ranar hutunsa sai ga shi da magini. Ya tsuguna ya ja layi, aka kwantar da gangaren a jikin bango, bai taɓa hanya ba. Da ya bushe, shi ya fara tura baban yara har masallaci.

Baba, kai ne ka fasa, kai ne ka gyara. Allah ya saka maka da Aljanna. Ku da kuka gaje shi, ku koyi tsugunawa irin tasa.

Yanzu ka ajiye aiki. Jiya sabon dubagari ya zo, mai ladabi ne, amma ya ce shi bai san da zancen gyaran da ka yi mana ba, ya shafa wa gangaren jan fenti, alamar za a fasa. Tun jiya baban yara fentin nan kawai yake kallo, ko abinci ya ƙi.

Na san gwiwa na damunka. Amma don Allah, Baba, ko za ka leƙo da igiyarka kafin su zo da guduma?