Rarar Yatsa Biyu

Mai Alli ake ce masa, don ko wanka zai shiga sai matarsa ta zare masa alli daga bayan kunne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga. Keken ɗinki ɗaya, tebur mai faɗi da almakashi ya gama karcewa, sai madubi mai tsaga a gefe. Abu ɗaya ya iya har ya gagara: jaket irin ta soja wadda farar hula ke sawa su yi kwalisa. Aljihu huɗu masu murfi, maɗauri a kafaɗa, wuya a tsaye, maɓallan ƙarfe. Ka kai masa wando, zai ɗinka maka yana tsaki. Ka ce jaket, sai ka ga ya miƙe tsaye.

Ga shi da baƙar magana. In mutum ya zo awo ya tsuke ciki, sai ya ce, "Saki tumbin nan, malam, ni ba surukinka ba ne."

Yana da ƙa'ida guda. Kowace jaket zai yanka, sai ya bar rarar yadi yatsa biyu a ɓoye cikin ɗinkin gefe da na baya, a ƙarƙashin shafi. Ya ce namiji zai yi aure, ya samu kwanciyar hankali, ya ajiye teɓa, ya dawo a farke a sakar masa. Kuma suna dawowa. Babu abin da yake so irin ya ga wanda ya taɓa yi wa ɗinki ya shigo da furfura, riga ta ƙi maɓalluwa.

To amma jefi-jefi hannunsa kan yi masa wani abu. Zai ja layin alli da rararsa, yana kallo, ya sa almakashi, sai ya ɗaga yankan ya tarar ya bi daidai jikin mutum, ko ƙwayar zarra bai bari ba. Da farko cewa yake tsufa ne. Sai da abin ya maimaita ya lura: duk wanda jaket ɗinsa ta fito haka, ba ya dawowa a sakar masa. Kafin shekara ta zagayo, sai dai a je gaisuwar rasuwarsa.

Bai faɗa wa kowa ba. Wa zai faɗa wa, a ce tela ya zautu?

Ya taɓa gwada wayo. Wani malamin makaranta ne, mutumin kirki, tasa ta fito ba rara. Mai Alli ya ɗinke ta don kada yadi ya tafi a banza, ya jefa ta ƙarƙashin tebur, ya yanko wata. Ita ma haka. Ya sake, haka dai. Ana nan sai matarsa ta zo share shago, ta ga riga sabuwa fil a ƙasa, ta ɗauka ta ba tsohon mai gadin benen sadaka. Washegari da Mai Alli ya sa almakashi, yatsa biyu cif suka fito. Malamin makaranta yana nan har yau, da jikokinsa. Mai gadi kuwa bai ga ƙarshen damina ba. Daga ranar Mai Alli ya gane rigar ba ta yarda ta zauna ba mai ita, kuma bai ƙara haɗa ido da ƙofar da tsohon yake zama ba.

Ɗansu ɗaya ne ya rayu, shi ya sa ko da ya yi gemu ya zama direban babbar mota Auta suke ce masa. Ya sha roƙon uban ya yi masa jaket, uban yana kewaye-kewaye. Yau ba yadi mai kyau, gobe ido na ciwo. Ran nan da hantsi sai ga Auta da yadinsa a hammata, kore mai duhu, mai kauri, uwar na biye da shi.

"Baba, duk direbobin tasha da ɗinkinka suke taƙama. Ni kaɗai ne ɗan tela mai yawo da rigar gwanjo."

"Gwanjon ta yi maka kyau."

"Haba Malam," in ji matar, "yaron nan matarsa ta kusa haihuwa, so yake ya ɗauki ɗansa a cikin ɗinkin ubansa. Me ya yi maka?"

Mai Alli ya tashi. Ya zaro tef daga wuya, ya auna kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo. Auta ƙato ne, ya ninka uban. Yana ta zuba, a yi masa aljihun ciki na takardun mota, a faɗaɗa hammata saboda sitiyari, uban kuwa jin ɗumin bayan yaron kawai yake yi a tafin hannunsa.

Da suka tafi ya shimfiɗa yadin. Rana tsaka ce, agogunan maƙwabcinsa na ta ƙas-ƙas ta cikin bango, tururin guga na shigowa ta taga. Ya ja layi, ya ƙara wani a wajensa, ba yatsa biyu ba, har huɗu. Ya yi bisimilla. Ya riƙe wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya bi layin waje a hankali, bai ko ƙifta ido ba. Da ya ɗaga yankan ya ɗora tef, sai ya ga awon Auta ne cif, ba ƙari. Layin waje kuwa ga shi can kwance a jikin ƙyallen da ya faɗi ƙasa.

Ya zauna a kujerar keke. Ta ƙofa yana hango mutane na wucewa: mai tura baro, wani almajirin kafinta, sabon mai gadi yana gyangyaɗi a inuwa. Kowannensu zai karɓi jaket kyauta har da godiya. Ya daɗe yana kallon mai gadin, ba zan ɓoye muku ba. Sannan ya tashi ya tura ƙofa.

Ya tsaya gaban madubi, ya auna kansa, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara riƙe allura. Riga dai ana iya rage ta. Ya rage kafaɗa, ya shigar da gefe, ya ɗage hannu. Da yake shi siriri ne, sai yadi ya yi saura a cikin ɗinkin, kusan tafin hannu guda, rara mai yawa. Ya dube ta. Ya san in ya bar ta, rigar ba tasa ba ce, ta Auta ce da aka yi wa kwaskwarima. Ya ɗauki almakashi ya datse ta tas, har bakin zare.

Da yamma ya shiga gida da jaket a jikinsa, maɓalle har wuya, ga zafi. Matar ta riƙe baki tana dariya.

"Ikon Allah. Yau kuma soja muka samu? Ba yadin yaron nan ba ne?"

"Na ɓata shi. Zan sayo masa wani."

"Kai ka ɓata yadi?"

"Tsufa," ya ce. "Zubo min ruwa in sha."

Da safe ya sayo irin yadin, ya shimfiɗa, ya ja layin awon Auta da rararsa. Almakashi ya bi inda aka sa shi, lafiya lau. Mai Alli ya kifa goshi a kan tebur ya yi kuka, shi kaɗai, har mai agogo ya ƙwanƙwasa bango ya tambaya ko lafiya.

Ya ga jikansa, ya ɗauke shi, ya ce hancin na uwarsa ne, Allah ya rufa asiri. Jaket ɗin kuwa bai yarda ta bar jikinsa ba, ko wanki shi yake yi da kansa, ya tsaya a kanta har ta bushe, kada wani ya ɗauka. Kafin yaron ya fara tafiya, wata safiya mai wanki ya leƙo aron alli, ya same shi zaune a kujerar keke, ƙafa a kan feda, rai ya yi halinsa.

Shekaru sun ja. Auta ya bar tuƙi, ya yi furfura, ya ajiye tumbi, jaket ta ƙi haɗuwa. Ya kai wa wani tela a bakin kasuwa ya ce ko da dabara. Telan ya farke shafi, ya leƙa. Ya fara warware yadin da aka ninke aka kwantar a ciki, ninki bayan ninki.

"Wa ya ɗinka maka wannan?"

"Babana."

"To ai ya bar maka abin da za a yi ta sakar maka har ka tsufa tukuf. Ban taɓa ganin mai ɓarnar yadi irinsa ba."

Auta ya yi dariya, ya ce ai haka tsohon yake, ba ya jin magana.