Ladanin da ya hau keken asibiti

Har na bar aiki ba zan manta ranar da aka kawo mana Malam Idi, ladanin wani masallaci a unguwar Zongo, ba. Lokacin ina majo, wato shugabar masu jinya, a ɗakin gwajin zuciya. Likitarmu Faransanci take ji, ni ke yi mata tafinta.

Malam Idi yana da wata cutar gado da ba a cika gani ba. Wani abu kamar alli ne ke taruwa a jijiyoyin jini har su ƙage. Makirufon masallacinsu yana saman bene, kuma in ya hau sai ya yi ta haki kafin ya iya kabbara. Jama'a suka ce numfashinsa ya ƙare. Alhaji Mamman, shugaban kwamitin masallacin, shi ya rako shi, kuma ya riga ya sami wanda zai gaje shi.

Ga yadda gwajin yake: mutum ya hau keken da ba ya zuwa ko'ina, mu manna masa wayoyi a ƙirji, mu rufe hanci da baki da robar da ke auna iska. Keken yana ƙara nauyi a hankali. In ya ji ciwo, ya ɗaga hannu.

Ya dubi keken ya ce, "Hajiya, ina za mu?"

Na ce, "Nan za mu tsaya, Malam."

Ya fara tuƙi. Can na ga ƙafarsa ta hagu tana rawa, gumi ya jiƙe rigarsa, amma hannu bai tashi ba. Na tambaye shi ko akwai ciwo, ya girgiza kai. Na gaya wa likita, ta ce a tsayar. Da na cire robar, sai ya ce a hankali, "Da kin bar ni. Kiran sallar nan shi kaɗai na iya."

Da izininsa aka shigo da Alhaji. Likita ta ce zuciya da huhu ba su kai ƙarshen ƙarfinsu ba, ƙafafun ne jini bai ishe su ba. Hakin kuwa na wahalar jan ƙafa ne.

Alhaji ya ce, "To, zai iya kiran sallah?"

Na fassara. Likita ta ce in tambaye shi ko da ƙafa ake kira.

Kwamiti ya zauna, aka sayo doguwar waya a kasuwar Dantokpa, makirufo ya sauko ƙasa. Cutar ba ta warkewa. Yana zuwa ana duba shi, yana tafiyar ƙasa kaɗan-kaɗan yadda aka umarce shi. Da asuba kuwa har gidana nake jin muryarsa.

Ku sabbin ma'aikata, kafin ku ɗora kowa a keken nan, ku tambaye shi abin da yake tsoron rasawa. Wanda mai raba shi da aikinsa ke jira a bakin ƙofa ba zai ce muku ya gaji ba, sai dai ku gani da idonku.