Ƙofar Ɗiban Wuta

A shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Yerwa, wato Maiduguri, ina yarinya, ko ɗankwali ban iya ɗaurawa da kyau ba. Gidanmu yana unguwar Hausari, katangarmu ɗaya da gidan wata tsohuwa Babarbariya da muke kira Ya Falmata. Katangar ta ƙasa ce, kuma a gindinta, kusa da madafi, akwai wata 'yar kafa da babba ba ya wucewa sai ya sunkuya. Ta nan matan gidajen biyu suke shiga wa juna, ba sai sun yafa mayafi sun bi titi ba.

Kullum da sassafe kakata, uwar babanmu, takan miƙo mini kasko ta ce in je in ɗebo wuta. Ga ashana a ɗakinta, ina ganinta da idona, amma sai an ɗebo. In sunkuya in shiga, in ce, "Wushe, Ya Falmata," ita kuma ta amsa da Hausarta mai gardama, "Yarinya Kano, ka zo sata wuta?" Sai ta zuba mini garwashi, wani lokaci har da ɗan turaren wuta a kai. Ina dawowa Kaka za ta tare ni.

"Me kika tarar?"

"Wuta mana, Kaka."

"Ke dai kanki kamar tulu. Akwai tukunya a kan murhun ko babu?"

Ran da na ce babu, takan miƙe ta shige ɗakinta. Zuwa hantsi sai in ga ta auni gero a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta sunkuya ta shige da kanta.

Babanmu yadi yake sayarwa a Kasuwar Litinin. Da jirgi ya fara kawo kaya, kasuwa ta buɗe masa. Ya ga gidajen da ake ginawa wajen tasha, na bulo da rufin kwano, sai ya ce shi ma zai rushe katangar ƙasa ya ɗaga ta siminti, miƙaƙƙiya, babu rami ko na ɓera. Ya ce gari ya zama birni, kowa ya kama gidansa. Yana da hujjarsa kuma, don ta kafar nan akuyar Ya Falmata ta taɓa shigowa ta tauna masa hular da ya ba da wanki. Har an sauke bulo a ƙofar gida, magini zai zo da safe.

To ga inda matsalar take. Babanmu shi ne ɗan farin Kaka. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama su yi hira, in ya shigo ta kawar da kai. In dole ta ambace shi sai ta ce "mutumin can". Kunyar mutanen da ke nan. Yaya za ta ce masa kar ya toshe mata hanyar ƙawarta?

Ranar, bayan mun ci tuwo, muka kewaye murhu don jin tatsuniya yadda muka saba, ni da ƙannena. Baba yana zaune a bakin ɗakinsa a kan buzu, yana ninke yadi a hasken fitila. Kaka ta gyara itace, ta yi gyaran murya, amma maimakon ta yi ƙasa-ƙasa da ita yadda ta saba, sai ta ɗaga ta kamar mai magana da kurma.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

Muka ce, "Ta shigo ta zauna!"

Ta ce an yi wani babban gari mai ƙofofi da yawa, da sarki mai son mutanensa. Wata rana sarki ya hau soro da asuba, ya ga mata da yara suna ta kai da komo da kasake, wannan ta shiga gidan wannan, waccan ta fito daga gidan waccan. Ya tambaya, aka ce wuta suke ɗiba. Sarki ya ce wannan ai wahala ce da ƙasƙanci, a garinsa ba wanda zai ƙara roƙon maƙwabci. Ya tara maƙera suka ƙera ƙyastu, aka bi gida-gida aka raba. Kowa ya samu abin kunna wutarsa. Mutane suka yi murna, suka kwaɓa ƙasa suka toshe duk kafofin da ke tsakaninsu, gari ya yi kyau, katangu sumul.

"Ashe," in ji Kaka, ta ware ido, "Yunwa tana bayan gari tana kallo."

Yadda take kwatanta Yunwa har yau ban manta ba. Wata doguwar mace, wuya kamar na raƙumi, ƙafa kamar sillen kara, ba ta tafiya sai da sanɗa. Kaka ta ce ta daɗe tana son garin nan, amma duk gidan da ta shiga, kafin ta shimfiɗa tabarma sai 'yar ɗiban wuta ta faɗo, ta ga murhu a sanyaye, ta koma ta faɗa. Kafin azahar maƙwabta sun zo da akussa, sun kore ta da ƙamshin miya. Yanzu kuwa ba mai shigowa. Ta faɗa gidan wata mai saƙa da mijinta ya yi tafiya, ta miƙe ƙafa, ta zauna son ranta. Ta gama da gidan ta haura na gaba. Mutanen garin masu kunya ne, ba mai fita ya ce ba shi da abinci. Maƙwabci yana cin nama, bayan katangarsa ana kwana da ruwa, ba don mugunta ba, don bai sani ba.

Ƙanena ya ce, "Kaka, sarkin bai gani ba?"

"Ya gani, ɗan nan. Ya hau soro ya ga hayaƙi yana raguwa, yau unguwa kaza babu, gobe unguwa kaza babu. Ya ce lallai mutanena sun ƙoshi, har sun gaji da girki."

Muka fashe da dariya. Na saci kallon Baba, na ga hannunsa ya tsaya a kan yadin.

Ta ce daga ƙarshe wata tsohuwa ce ta gaji da shiru. Ta ɗauki ƙyastunta ta jefa a rijiya, ta ɗauki taɓarya ta fasa katanga, ta leƙa da kaskonta ta ce a sam mata wuta. Sai ga ta ido da ido da Yunwa, zaune a tsakar gida tana sakace. Tsohuwa ta kurma ihu, unguwa ta taru, kowa ya fasa tasa katangar, aka bi Yunwa da ludaya har bayan gari.

"Nan ta tsaya, nan na sauke ta. Wanda ya ji ya ji, wanda ke ninke kaya kuma ya ci gaba da ninkewa."

Can sai Baba ya yi tari, ya kira ni.

"Hajara."

"Na'am, Baba."

"Ki tambayi kakarki, tsohuwar da ta fasa katangar nan, tana da akuya?"

Na juya zan maimaita, Kaka ta riga ni, idonta a kan wuta. "Ki ce wa mutumin can, akuya ana ɗaure ta. Yunwa ce ba a ɗaurewa."

Da safe magini ya zo da igiyarsa da cebur. Ina tsaye da kaskona na ji Baba yana ce masa ya ja katanga yadda aka yi magana, amma in ya zo daidai madafi ya bar ƙofa. Magini ya ce, "Alhaji, ƙofa a tsakiyar katanga? Wane faɗi?" Baba ya ce, "Faɗin tsohuwa riƙe da ƙwarya. Ka ɗaga ta kuma, bayansu ya gaji da sunkuyo." Aka sa mata ƙyaure na kwano saboda akuya. Kaka ba ta yi godiya ba, ba ta ko ɗaga kai ba. Amma da rana ta dafa burabusko da miyar busasshen kifi, abin da ya fi so, ta ba ni ta ce in kai wa mutumin can.

Yanzu ni ce tsohuwar. Ban shiga aji ba, amma duk unguwar da na zauna an san in na buɗe baki yara ba sa gyangyaɗi. Ina zaune a unguwar Dala, nan Maiduguri, gidan ɗana, mai katanga da fasassun kwalabe a kanta da ƙofar ƙarfe. Garin da nake zagayawa da ƙafa ya zama sai da keke Napep, keken ma sai ka sauya. Da yamma ɗana da abokansa sukan zauna suna lissafa abin da zai gyara Maiduguri: a yi kwalta, a haƙa magudana, a kawo ruwa, a bar ɗauke wuta. Gaskiyarsu ne, ni ma ina son ruwa a famfo, gwiwoyina sun fi kowa so. Sai dai ban taɓa jin ɗayansu ya tambayi yadda mutum zai san ko maƙwabcinsa ya ɗora tukunya yau ba.

A bayan ɗakina, a gidan maƙwabta, akwai wata mata da na yi shekaru ina jin tarinta da asuba, ina jin tana yi wa jikokinta faɗa da Barbarci, har na haddace sunayensu. Bara sai na ji shiru. Na ce ko ta yi tafiya. Sai da na ga an jera kujeru a titi, maza suna shafa fatiha, sannan na yafa mayafi na zagaya ta ƙofar gaba. Na zauna cikin mata na yi gaisuwa, na buɗe baki zan yi mata addu'a, sai na tsaya. Dole na karkata wajen ta kusa da ni, na tambaye ta a hankali, "Baiwar Allah, yaya sunan marigayiyar?"