Zanen Baba a Ƙarƙashin Safaya

A shekarata ta uku a Riyad na samu aikin tuƙa wasu Faransawa, miji da mata. Mijin injiniya ne, tun da sassafe motar kamfani ke ɗaukarsa, ni kuwa aikina Madam: kasuwa, asibiti, gidan ƙawaye. Ta haura sittin, ga surutu kamar ta haɗiyi rediyo, Turancinta kuma irin nawa, kowa yana haƙuri da kowa. Duk sanda na shiga falonsu ajiye kaya, sai idona ya faɗa kan wani zane da ke rataye kusa da ƙofa. Kasuwar ƙauye ce, amma saniyar da ke ciki ta fi gidan da ke bayanta girma, mutanen kuwa sun miƙe ƙiƙam kamar an jera su za a ɗauki hoto.

Rannan na tambaye ta ko jikanta ne ya zana. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wani tsoho ne ɗan yankinsu, ya rasu tun ba a haife ta ba. Aikinsa gadin mahaɗar jirgin ƙasa, ya sauke ƙarfe in jirgi zai wuce, ya ɗaga in ya wuce. Ko ƙofar makarantar zane bai taɓa takawa ba. Sai da furfura ta fito masa ya fara, da ragowar fentin da ake shafa wa ƙarfen nan, a kan duk katakon da ya tsinta. Mutanen garinsu suka mayar da shi abin nishaɗi, matarsa ma ta taɓa toshe akurkin kaji da wani zanensa. Yanzu kuwa, in ji Madam, zanen nasa suna gidan tarihi, sai ka bi layi kafin ka gan su. Wannan na bango ma kwafi ne.

Ni dai abin dariya na tsinta a labarin, na ƙulle shi na kai gida, don na san wanda zan tsokana da shi.

Mu biyar ne a ɗaki ɗaya a unguwar Gubaira, saman wani shagon walda. Babbanmu shi ne Baba mai fenti, dattijo marar hayaniya, ya girmi mahaifina. Fentin gidaje yake yi, kuma ba ya barin ragowa ta lalace. Yakan zubo ta a yankakkun robobin ruwa, nan ja, nan shuɗi, nan ruwan ƙasa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, mu mu baje muna barci, shi kuma ya zauna a bakin matattakala da katakon akwatin tumatir da yake roƙowa a kasuwar Aziziya, yana zana garinsu. Wani ɗalibin jami'a ya taɓa yi masa nasiha kan zana fuskar mai rai, tun daga nan Baba ya juyar da kowa. Mai tallan fura, mai keke, limami, duk ƙeyarsu kake gani. Ni ne shugaban masu tsokanarsa. Nakan ce, “Baba, me ka yi wa mutanen garinku suka juya maka baya haka?” Sai ya yi murmushi ya ci gaba da shafa.

A kan farantin shinkafa na ba da labarin, har da ƙarin gishiri. Na ce, “Baba, albishirinka, an samo maka ɗan'uwa a Faransa. Shi ma saniyarsa ta fi gida.” Ɗaki ya kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya tsame hannunsa daga abinci ya dube ni.

“Shi ma da ragowar fenti yake yi?”

Na ce haka aka ce.

“Kuma ba wanda ya koya masa?”

Na ce babu. Ya gyaɗa kai, ya mayar da hannunsa cikin faranti.

Bayan mako guda, ina shirin fita, ya miƙo mini wani abu naɗe a buhun shinkafa, ya ɗaure da igiya. Ya ce, “Ɗana, ka nuna wa uwar ɗakinka. Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. So nake wanda ya san abin ya duba, ya gaya mini ko ina kan hanya. Shekara goma ke nan, ban taɓa samun wanda zan tambaya ba.” Na karɓa da hannu biyu na ce in sha Allahu.

Ban nuna mata ba. Na daɗe ina neman sunan da zan ba abin da ya hana ni, amma girman kai ne, ba shi da wani suna. Na saba wa Madam da guga mai kaifi da turare, na gaya mata ina da difloma, ina so ta riƙa ganina wayayye. Sai in kwance mata buhun shinkafa, in fito da katakon tumatir? A raina na ce tsohon can Bature ne, ko me ya shafa nasu za su yaba, mu kuwa dariya za a yi mana, ni da Baba a haɗe. Na ɗaga shimfiɗar but ɗin mota, na cusa zanen a ƙarƙashin tayar safaya, na rufe.

Kullum na dawo, Baba ba ya tambaya da baki, ido kawai yake ɗagowa. Na ce ta yi tafiya. Na ce ba ta da lafiya. Da dabara ta ƙare mini, wata Alhamis na ce, “Ta gani, Baba. Ta ce ka yi ƙoƙari, amma aikin yara ne.” Maganata ce da na saba faɗa a bayan idonsa, na ɗauka na saka a bakin matar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Na ƙara da cewa ta riƙe zanen, don kada ya ce in dawo da shi.

Ya ce, “To, halas, shi ke nan. Ai gara da aka gaya mini.”

Juma'ar da ta biyo baya ya kwanta barci kamar kowa. Wadda ta biyo ta kuma ya fito da katakan nan duka, ya bi su da farin fenti ɗaya bayan ɗaya, ya buga mana kanta a bakin ƙofa. 'Yan ɗaki suka yi ta sa masa albarka, wai yau fentin Baba ya yi rana. A kan kantar nan nake ajiye takalmina kullum.

Wata takwas aka yi. Muna dawowa daga Aziziya da Madam, but cike da mangwaro da ganye, taya ta yi faci. Na faka a gefen titi, na sauke kaya, na ɗaga safaya, sai ga buhu. Wallahi na manta da shi. Kafin in yi wani abu Madam, da ba ta iya ganin abu a ɗaure ta ƙyale, ta kwance igiyar.

Ni ma ranar na fara kallonsa da idon basira. Lungun gidan su Baba ne, mutane duk sun ba da baya. Ga kuka, ga injin niƙa, ga ƙofa ja, wata mata ta sa ƙafa ɗaya a ciki. Ya zana kowane tubali na katangar, har da inda ruwan sama ya cinye. Rana tana dukan ƙeya, motoci suna wucewa, Madam ta tsaya ta kasa ajiye katakon. Ta ce, “Duba, kowa tafiya yake, mai zanen kaɗai aka bari yana kallonsu. Wane ne wannan?” Na ga idonta ya kawo ruwa. Na ce dattijon ɗakinmu ne. Ta tambaye ni tun yaushe yake cikin motar. Na ce bai fi mako ba. Ƙarya dai fure take, amma ni tawa har 'ya'ya ta fara yi.

Washegari ta ba ni littafin zanen tsohon nan na Faransa, da akwatin fenti na gaske, da buroshi ƙanana. Ta ce in kai masa, kuma tana son ganinsa.

A kan matattakala na shirya maganata tsaf: Baba, ni na yi, ka yafe mini. Da na shiga na tarar da ɗaki cike, sai harshena ya karkace. Na ce, “Baba, Madam ta sake duba zanenka. Ta ce ta yi kuskure, aikinka babba ne. Ga saƙo.”

Ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa littafin. Ya yi ta buɗawa a hankali, da ya zo kan saniyar nan ya yi dariya shi kaɗai, ya ce, “Allah sarki, ashe shi ma ya san saniya ta fi gida a wurin mai ita.” Akwatin fentin kuwa ya shafa shi kawai ya tura ƙarƙashin gado. Na ce ba zai gwada ba? Ya ce hannun ya riga ya kwanta, in ya ɗauki buroshi sai ya ji maganar nan a kunnensa. Sannan ya dafa kafaɗata.

“Ka ce mata na gode. Kuma kada ta sa abin a ranta, na yafe mata tun ranar. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Amma na ce baƙuwa ce, ba ta san ni ba. Da nawa ne ya faɗa, da ban san yadda zan yi ba. Kai ma na ga fuskarka ranar, na san ba ka ji daɗin kawo saƙon ba. Allah ya yi maka albarka, ɗana.”

Na ce amin. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ba su taɓa haɗuwa ba. Ni na hana, don in sun zauna minti biyar asirina ya tonu. Yau in ce yana aiki a wajen gari, gobe in ce ba ya son shiga gidan mutane. Kafin azumin shekarar, igamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ya tattara ya koma gida gaba ɗaya. Ya tafi da littafin, ya bar mini akwatin fentin ko ledarsa ba a ɓare ba, wai in mayar wa mai shi kada ya bushe a banza.

Zanensa yana falon Madam, kusa da na tsohon Faransa, har suka bar ƙasar. Ranar da na kai masa saƙonta ta tambaye ni abin da ya ce. Na ce ya ce ya gode. Ragowar saƙon ban isar ba, don ba ita ce mai laifin ba. Yafiyar tana hannuna har yau, da sunan wata aka ba ni ita, kuma Baba ya rasu bara ban nemi tawa ba.