Sakata a Gefen Iya

Gidanmu na unguwar Birni a Damagaram gidan ƙasa ne tun na kakanmu, kuma duk damina sai ya tuna mana da shekarunsa. Azarar ɗakin Inna ta lanƙwasa, indararo sun faɗi, katangar gabas ta yi ciki har muna hana yara wasa a gindinta. Ranar da Yaya ya ce bana kam za a taɓa gidan, kowa ya zaro buƙatarsa kamar dama a aljihu take. Yaya shi ne babbanmu, baduku ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Ba shi da yawan magana. In ka gama yi masa dogon bayani sai ya ce "to", ya ci gaba da ɗinkin fatarsa, kai kuma ka rasa ko ta yarda ce ko ta tashi ka ba ni wuri.

Matarsa karo, wato tayil, take so a shimfiɗa a tsakar gida, mai sheƙi irin na gidan yayarta. Ƙanenmu shago yake so a fasa masa a jikin zaure. Ni kuwa, da nake aure a Zango amma kullum in na tashi daga lakwal, wato makaranta, sai na biyo, ruwa na ce. Wanda ya girma a Damagaram da bidon ɗibar ruwa a ka ya san abin da nake faɗi. Na ce a gina tanki, ranar da pampo ya ga dama ya zo a tara, a huta da jiran 'yan garuwa. Har yau ina kan bakana, karo ba ya kashe ƙishirwa.

Shi kansa Yaya yana da tasa buƙatar, kuma ita ce kaɗai ba wanda ya yi wa gardama. 'Ya'yansa maza sun girma, a zaure suke kwana tare da buhunan fata. Ya daɗe yana son ya yi musu ɗaki a kusurwar gabas, inda fili ya ɗan rage.

To a kusurwar nan akwai wani giɓi. Tun kafin a haife ni wani ruwan sama ya zubar da yankin katangar, ba a sake ɗaga ta ba, don ta nan Iya ke shigowa. Iya maƙwabciyarmu ce, Babarbariya, an kawo ta Birni amarya a shekarar da aka kawo Inna daga Gidimuni. Ta giɓin nan suka yi ta miƙa wa juna wuta da gishiri da jarirai har gashinsu ya yi fari. Kuma suna da alkawari wanda duk unguwa ta sani, don a bainar jama'a suke faɗinsa: wadda ta riga rasuwa, ɗayar ce za ta yi mata wanka.

"Ke dai 'yar Gidimuni, ki rage cin tuwo," in ji Iya, "kada ki karya mini baya ranar."

Inna ta ce, "Ke kuma kada ki kuskura ki turara ni da turarenki mai hawa kai."

Sai su kwashe da dariya, mu kuma mu ce a'uzubillahi, ku bar wannan zance.

Abin da ya kamata a sani shi ne ƙofofin gidajen biyu ba lungu ɗaya suke kallo ba. In za ka zaga ta waje, sai ka hau ka sauka tsakanin duwatsun nan na Birni. Ga mai ƙafa ba komai ba ne. Amma gwiwoyin Iya sun daɗe da ƙin ta, Inna kuma da sanda take zuwa ko bakin murhu. In aka toshe giɓin, an raba su ke nan, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninsu.

Ɗan Iya yana aikin buro, wato ofis, a Yamai. Da ya ji labarin gyaran ya zo, ya ce tunda katangar ta haɗin gwiwa ce, a tashe ta da siminti daga farko har ƙarshe, ba giɓi ba kafa. Ba mugun mutum ba ne, kuma yana da hujja. Awakinmu sun sha cinye wa uwarsa hatsi, yana kuma tunanin sa 'yan haya a wani sashe na gidan. Shawararsa ta ma yi daidai da ɗakin da Yaya ke so. Kowa ya ce madalla, magana ta ƙare.

Inna ba ta ce uffan ba sai "Allah ya sa haka ya fi alheri." Amma washegari da la'asar na iske ta tana fito da kaya. Rariya, ƙaramin turmi, wani faifai da bakinsa ya zare, tukunyar da tun ina yarinya na ɗauka tamu ce. Ashe duk na Iya ne, aron shekara da shekaru. Tana miƙawa ta giɓin ɗaya bayan ɗaya, Iya na karɓa, ita ma tana miƙo namu. Ba mai tsokanar wata. Wallahi ban taɓa jin tsakar gidanmu shiru irin na ranar ba. Yaya na zaune bakin zaure da fata a cinya, allura a hannu, bai ɗinka ko ɗaya ba.

Da muka taru don a tsara aiki, sai Yaya ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce, "Farko ƙofa a katangar gabas. Bayanta rufin ɗakin Inna da indararo, kafin ruwa ya sauka. Sauran in Allah ya hore."

Na ce, "Ƙofa? Haba Yaya! Ƙofa za mu sha in pampo ya ɗauke?"

Matarsa ta ce, "Ɗakin yaran fa? In aka bar hanya a wurin, ina za a gina shi?"

Ya ce, "Ba za a gina ba. Yara suna da ƙafa, ko'ina suka kwana za su tashi. Su waɗannan tsofaffi fa?"

Na buɗe baki zan ƙara, ya ce "to". Wannan karon na gane wace iri ce.

Saura ɗan Iya. Yaya ya kira shi zaure, ni kuma na laɓe bayan ƙofa, ba zan ɓoye ba, don na san halina in ba a gaya mini ba sai na fashe. Na ji Yaya yana cewa, "Ƙofar tol zan sa, ta ƙarfe mai kyau, akuya ba za ta wuce ba. Sakata ɗaya ce, kuma a gefenku za ta kasance. Duk ranar da kuka ga dama ku rufe, ba wanda zai tambaye ku dalili. Mu a gefenmu ba abin rufewa." Ɗan Iya ya ce, "Yaya, ka gama da ni. A yi yadda ka ce." Ni da ke bayan ƙofa na ji Yayanmu ya cika mini ido. Wa zai ba maƙwabci ikon shiga gidansa, shi kuma ya hana kansa ikon rufewa?

Bai tsaya nan ba. Ya ce wa magini kada a sa dokin ƙofa ko na yatsa ɗaya, a bar ƙasa a shafe, don tsofaffin jan ƙafa suke, ba sa ɗagawa. Magini ya ce gidan Iya ya fi namu tudu, ruwan damina zai kwararo mana. Gaskiya ya faɗa. Yaya ya ajiye ɗinki, ya haƙa magudana da hannunsa daga bakin ƙofar har waje, ya rufe ta da falalen duwatsu. Sannan aka sauke azarar ɗakin Inna aka sa sabuwa, aka yi yaɓe, aka maida indararo. Daga nan ƙarfi ya ƙare. Ba karo, ba shago, tankina kuwa har gobe a bakina yake. Ranar da aka rataya ƙofar, abin da ya fara ratsa ta ƙaramin turmin nan ne, ya dawo gidanmu. Iya ta biyo shi tana cewa ita ba ta da wurin ajiye tarkace.

Sun ci damina da rani a haka har sau da dama. Yaran Yaya suka ci gaba da kwana a zaure, suna ƙorafin warin fata, yana ce musu "to".

Inna ta rasu da hantsi, bayan jinyar da ta cinye mata jiki. Ina riƙe da hannunta. Ban ma kai ga tunanin wa za a aika wa ba, sai na ji ƙarar tol, sannan jan takalmi a kan shafaffiyar ƙasa, a hankali, a hankali. Iya ce, buta a hannu ɗaya, kaskon turare a ɗayan. Ba wanda ya ɗauko ta, ba wanda ya riƙe ta. Ta ce, "Ku ba ni wuri." Ni ta bari in zuba mata ruwa. Da ta sa hannu ta juya Inna, sai ta tsaya, ta ce, "Ashe kin ji maganata, 'yar Gidimuni. Ba ki da nauyi ko kaɗan." A nan kukan da nake dannewa ya ƙwace mini. Turaren kuwa ta turara mata shi, mai hawa kan nan, ba wanda ya hana.

Bayan an watse daga zaman makoki, ƙanenmu ya ce yanzu ai sai a toshe ƙofar a yi wa yara ɗakinsu. Yaya bai ko ɗaga kai daga ɗinki ba, ya ce, "Iya tana nan."

Tana nan kuwa. Kullum da hantsi takan jawo ƙafa ta zauna bakin ɗakin Inna. Kwanan baya ta kama hannuna ta ce, "Ke mai baki, uwarki ta tafi ta bar ni ba mai wanka. Ke za ki tsaya mini a madadinta." Na ce to, kuma tawa ta yarda ce. Na raka ta har gefensu, na tsaya na duba sakatar. Ta yi tsatsa a buɗe, na gwada tura ta da yatsa, ta ƙi motsi.