Malfar Kawu Sale Kaboyi

Duk wanda ya taɓa cin abinci da Kawu Sale ya san ba a yin bismilla sai an samar wa malfarsa wurin zama. Ba a ƙasa ba, ba a kan gado ba, kuma ba a kife ba. Da hannu biyu yake cire ta, ya juya ta bakinta yana kallon sama, ya ɗora a kujera, ko da kujerar ita kaɗai ta rage kuma ga baƙo a tsaye. Da idona na ga Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi mai shaguna biyu a unguwar Al Buteen ta Dubai, yana cin shinkafa a ɗosane a hannun kujera, malfa kuwa tana hakimce a kan kushin.

"Sale, tsakani da Allah, ni da hula wa ya fi cancanta da kujerar nan?"

"Kai in ka zauna a karkace babu abin da zai same ka. Ita bakinta lanƙwashewa zai yi."

Ku da kuka zauna da shi a unguwar Abu Hail ba sai na gaya muku ko wane ne ba. Ni dai a wurina ƙanin mahaifiyata ne, kuma a filat ɗinsa na sauka da na samu aiki a Dubai a 2016. Aikinsa gwajin jini a wani asibiti, cikin sanyin na'ura, da farar riga. Ko kaza bai mallaka ba. Amma da an tashi aiki sai ya rikiɗe: malfa mai faɗin baki, jan hankici a wuya, dogon takalmin fata mai dunduniya, ga igiya a naɗe a kafaɗa. Shi ya sa sunan Kaboyi ya bi shi, har wasu ba su san Sale ba.

Kada ku ce fim ne ya ɓata shi, don faɗa za ku yi. "Na fim maƙaryata ne!" in ji shi. "Kaboyin gaskiya lebura ne, makiyayi, yini yake a bayan shanu yana shan ƙura, kuma da yawansu baƙaƙe ne kamar ni da kai." Littattafai ya tara a kansu sun kai cikin kwali. Mahaifinsa, wato kakana, ɗan koren shanu ne, irin waɗanda suke tasa garke da ƙafa daga arewa har kurmi. Kawu yakan ce, "Baba ma kaboyi ne, doki kawai ya rasa." In kuwa ka kuskura ka kira kayansa kwalliya, amsarsa guda ce kullum: "Ba ado ba ne, kayan aiki ne."

Ni fa a lokacin kunyarsa nake ji, gara in faɗi gaskiya. Sabon injiniya ne ni, da kwat da turare, ofishinmu a hawa na ashirin da wani abu. In za mu shiga jirgin metro tare sai in ba shi taku goma, in yi kamar ina duba waya. Shi kuma ya gane, sai ya ɗaga murya daga can ƙarshen tarago: "Nura! Ɗan yayata! Zo ga wuri!" Kowa ya waiwayo ya ga wane ne ɗan yayar kaboyi.

Kun tuna kaiminsa? Wancan ƙarfen da mahaya suke ɗaurawa a dunduniya don zaburar da doki. Wata rana a ƙofar wani babban kanti mai gadi ya tsayar da mu saboda ƙarar da yake yi, cas, cas, cas. Kawu ya ɗaga ƙafa ya nuna masa.

"Taɓa ka ji, habibi, ba kaifi. Da kaina na goge bakin. Kaboyin kirki ba ya huda cikin dokinsa."

Mai gadi ya leƙa bayanmu, ya leƙa wajen ajiye motoci. "Ina dokin?"

"Inshallah," in ji Kawu, ya wuce abinsa.

Amma duk bai kai rigimar wandon fata ba. Ya ce kaboyi yana ɗora wani wando na fata a kan wandonsa don kada ƙaya da ƙaho su yage masa ƙafa, kuma ƙafafu kawai yake rufewa, ba shi da mazaunai, tunda mutum a kan sirdi yake. Ya sa aka kawo masa jemammiyar fata daga Kano, ya ja ni har Al Satwa wajen wani dattijon tela ɗan Pakistan, ya zana masa a takarda. Tela ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa.

"Baya fa?"

"Babu baya."

"Fatar ce ba ta isa ba?"

"Ta isa. Haka ake yin sa."

Tela ya dube ni da tausayi, kamar ni ne mai jinya. Bayan sati biyu muka koma, sai ga wando cikakke, bawan Allah ya nemo wata fatar ya cike bayan, yana murmushi yana cewa kyauta ce, bai ƙara komai ba. Wayyo! Ranar na ga ɓacin ran Kawu. Ya zauna a bencin shagon ya rantse ba zai tashi ba sai an farke. Tela yana farkewa yana girgiza kai, yana cewa shekararsa talatin yana ɗinki, ba a taɓa yi masa faɗa don ya rufa wa mutum asiri ba.

Igiyar kuwa, kujerar roba ce ta sha wahalarta. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya hau da ita saman bene, ya ja baya, ya yi ta wulwula igiya yana jefawa. Wani lokaci ya zarge kujerar, wani lokaci shanyar maƙwabta. Wata Juma'a muna zaune ni da Alhaji Isufu muna shan shayi muna kallonsa, bakina ya ja min.

"Kawu, kujera dai ba ta gudu. Wallahi ranar da igiyar nan ta kama dabba mai rai, ni zan sa malfar nan in je ofis, in yini da ita a kaina."

Ya tsaya cak. "Ka ce wallahi?"

"Na ce."

"Voilà!" in ji Alhaji Isufu da Faransancinsa, ya ajiye kofi. "Ni shaida ne, mon petit. Ka rantse."

Kawu ya shafa bakin malfar. "Ba wanda ya taɓa ɗora ta a ka sai ni. Amma kai zan ba ka, don in ga wannan rana."

Ban damu ba ko kaɗan. Ina zai ga dabba a Abu Hail, in ba magen bakin bola ba?

Ashe Babbar Sallar 2019 tana jirana. Mu bakwai muka haɗu a kan sa ɗaya na layya, muka tafi kasuwar dabbobi da safe don a kai shi mayanka. Watan Agusta ne, zafin da ko tsuntsu ba ya son tashi. Kowa da jallabiya da silifa, sai ga Kawu ya fito da cikakken shiri, har da wandon fatar, gumi yana bin gemunsa. Muka yi dariya har Alhaji Isufu yana riƙe ciki.

Ana cikin tura san a bayan a-kori-kura, sai ya turje, ya fizge daga hannun masu lodi, ya diro. Jama'a, kowa ya kama gabansa! Ni ban san lokacin da na tsallake shingen tumaki ba, silifa ɗaya a ƙafa. Alhaji Isufu, da girmansa da tumbinsa, sai ganinsa muka yi a saman motar yana ta "Innalillahi! Attention! Attention!"

Mutum ɗaya ne bai gudu ba. Kawu ya ja hankicinsa ya rufe hanci saboda ƙura, ya warware igiya, ya fara wulwulawa. Jifan farko ya tafi iska. Na biyu ya sauka ras a kan ƙahonin san. Na rantse muku Kawu kansa ya yi mamaki, don sai da ya waiwayo ya ga ko muna kallo. Kafin ya juyo sa ya fizge shi. Ya kafa dunduniyar takalman nan a ƙasa ya jingina baya, suka yi ta huɗa kamar garma, layi biyu. Daga nan ya kife, aka ja shi a kan tsakuwa, ya mirgina, ya koma zaune, ana dai jan sa, amma bai saki ba. Da suka zo daidai wani turken ƙarfe ya yi wuf ya naɗe igiyar a jiki. Sa ya tsaya yana huci. Masu lodi suka zo suka kama.

Muka rugo. Ya miƙe a hankali yana kaɗe jiki. Fatar wandon ta kurje kaca-kaca, amma da ya ɗaga ta, ƙafafunsa ko ƙwarzane babu.

"Kun gani?" Yana haki. "Ba ado ba ne."

Sai da ya juya zai ɗauki malfarsa muka ga bayan. Inda babu fatar nan, wandon ciki ya tafi, sauran bayani kuma ba na taro ba ne. Alhaji Isufu ya sauko ya yafa masa rawaninsa, hawayen dariya yana zuba.

"Sale, da ka bar telan nan ya yi aikinsa!"

"Ba laifin wando ba ne," in ji Kawu. "Rashin doki ne." Sannan ya juyo gare ni, ina tsaye da silifa ɗaya. "Nura, ranar yaushe kuke komawa aiki?"

A nan ne na yi abin da har yau yake damuna. Da muka koma gida ya miƙo min malfar da hannu biyu, na ɗora, sai ta zurma har karan hanci. Daɗi ya kama ni.

"Kawu, ta yi min yawa. Ba na ganin gabana. So kake mota ta kaɗe ni?"

"Shi ke nan matsalar?"

"Shi ke nan."

Bai yi musu ba. Ya ɗauko zare ya zagaya kaina da shi, ya ƙulla, ya sa a aljihu. Ni kuma daga ranar na shiga zille-zille. Na riga na kama nawa filat ɗin, sai na rage zuwa, in na zo kuma ba na bari hira ta kai kan Sallah. Shi bai sake tayar da maganar a gaban mutane ba. Abin da dai muka lura, tun daga kamun san nan malfar ta daina shiga kansa sosai, sai ta ɗare can sama kamar an ɗora faifai a kan tulu, iska kaɗan sai ya dafe ta. Alhaji Isufu ya ce ai kan Sale ne ya kumbura da alfahari. Muka yi ta yi masa tsiya da wannan, har da ni, shi kuma sai murmushi.

Da korona ta zo aka ce kowa ya rufe hanci, ai sai Kawu ya samu abin faɗa. Yakan sa takunkumin asibiti a ciki, ya ɗora wani shuɗin hankici a kai, ya kira ni a waya: "Shekara nawa kuna min dariya? Yau ga Dubai gaba ɗaya ta koma kaboyi!" Sau ɗaya ya tambaye ni zancen ofis. Na ce ai a rufe yake, daga gida muke aiki.

"To, Allah ya cece ka. Amma ka sani rantsuwa ba ta shiga kulle."

Aka buɗe ofis, ban gaya masa ba. Farkon 2021 cutar ta kwantar da shi, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Ba a bar mu mun shiga wajensa ba.

Bayan sadakar bakwai matarsa, Anti Rabi, ta kira ni ta miƙo min malfar, bakinta yana kallon sama yadda yake ajiye ta. Na ce, "Anti, ai ta yi min yawa." Ta ce in dai gwada. Na ɗora, ta zauna daram, kamar don ni aka yi ta. Na cire na leƙa ciki. Jan hankicin nan nasa ne, wanda ya fi so, ya yayyanka shi siri-siri ya cusa a bayan fatar da ke zagaye da cikin malfar, ya ɗinke da wani karkataccen ɗinki irin na wanda bai iya riƙe allura ba.

"Tun satin Sallar nan ya yi," in ji Anti Rabi. "Na ce to kai yanzu ta matse ka, ga ciwon kai. Ya ce a bar ta haka, kar a matsa maka, da kanka za ka zo."

Shekara ɗaya da rabi yana yawo da malfar da ba ta shiga kansa, muna cewa girman kai ne. Na zauna a falon nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ranar Lahadi, wadda a lokacin ita ce farkon satin aiki a Dubai, na saka kwat ɗina, na ɗora malfar, na shiga metro, ban duba waya ba ko sau ɗaya. A lif mutane suna ta satar kallona. Shugaban sashenmu ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Nura, wannan kuma adon mene ne?" Na buɗe baki in ba shi amsar Kawu, rabin farko kawai ya fito: "Ba ado ba ne." Na yini da ita a kaina har aka tashi, in ban da lokacin salla da na cin abinci, da na jawo mata kujera na ajiye ta bakinta yana kallon sama. Wani abokin aikina ya ci nasa a tsaye.

Kawu, na cika, ko da yake na makara. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka, ya sa ka a inuwar da ta fi ta kowace malfa, ya haɗa ka da Baba a Aljanna. Ni kuma Allah ya yafe min taku goman nan da nake ba ka. Amin.